Tsarabar Ruɓaɓɓen Itace

Tun da na dawo daga kurmin Taraba ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona na yadi a kasuwar Azare sai ya fara da sannu da hanya, ya ƙare da tambayar ko da gaske naman kaza muka je nema. Wasu sun ce zinare muka haƙo muka ɓoye, wasu sun ce asirin kasuwa na je karɓowa. Da ma asirin ne, da na ga amfaninsa. Ga labarin nan na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya je gida ya karanta, in samu in auna yadina.

Ƙanwata Falmata ce ta ja mini. Tana digiri na biyu a jami'a, kuma cikin duk halittun Allah, daga giwa zuwa gero, ba ta ga abin karantawa ba sai naman kaza. Ba ma irin mai laima da ke fitowa a juji da damina ba. Nata wani dangi ne mai siffar ɗan ƙoƙo, bai fi murfin kwalba ba, yana tsira a jikin ruɓaɓɓen itace a inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Malaminta ya ce ba zai sa hannu a aikinta ba sai ta kawo su a hannu, kuma wa'adin da jami'a ta ba ta zai cika kafin wata damina. In ta rasa su bana, shekarun da ta yi sun tafi a banza. Wannan kam ban yi masa dariya ba, don na ga yadda yarinyar ta rame a kansa.

Hajiya, mahaifiyarmu, ta ce 'ya mace ba za ta shiga dajin da ba ta san kowa ba ita kaɗai. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, kuma in za ta ɗora mini wahala bango take kallo. Ta kalli bangon ta ce, "Ai wancan yana nan, ba abin da yake yi sai zaman shago." Haka aka mayar da sana'ata zaman banza. Na bar maiɗakina da cikin da ya fara nauyi, na ɗauki jaka.

A tasha direba ya rantse mutum ɗaya ya rage a tashi. Mutumin nan ɗaya sai da muka yi azahar muna jiransa, kuma da ya zo sai ga shi su huɗu ne da buhun wake. Muka bi ta Misau da Darazo muka nufi Gombe, gwiwata tana gaisawa da haɓata. Kusa da mu akwai wani mai sayar da maganin gargajiya da lasifikarsa a cinya. Da ya ji abin da Falmata ke karantawa sai ya gyara zama ya tambaya me yake warkarwa. Ta ce ba ya warkar da komai. Ya tambaya ko ana ci. Ta ce ba don ci take nema ba. Sai ya juyo ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai jinyar ɗan'uwa.

A motar ne ta gaya mini malamai suna kiran dangin Cookeina, wai sunan wani Bature aka sa musu don girmamawa, domin a wajensu duk wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa suna, kuma yana iya sa sunan wanda yake so. Na ce lallai Baturen nan bai yi sa'ar 'yan'uwa ba, a rasa abin da za a yi wa mutum takwara da shi sai abin da ke tsira a ruɓa. Ta ce in yi shiru mutane na jinmu.

Daga Gombe zuwa Jalingo ba abin faɗa, sai dai masauki. Mai wurin ya ce ɗakina na musamman ne, akwai fanka. Gaskiya ya faɗa, fanka na nan, wuta ce babu. Da gari ya waye na ga sauro sun ƙoshi har sun kasa tashi daga bango.

Bayan Bali kwalta ta fara yi mana wasan ɓuya, daga baya ta tafi ba sallama. Muka koma babur. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya ce kada in damu, shi a hanyar nan aka haife shi. Ina jin a cikin taɓonta ma aka yanke masa cibi, domin da ya ga kududdufi sai ya nufe shi kamar ya ga gidansu. Muka faɗi tare. Ya tashi ya fara duba madubin babur, sai da ya tabbatar bai fashe ba sannan ya tambayi lafiyar ƙafata. Farar shaddar da na sa don mutanen kurmi su san daga birni nake, a nan ta yi ritaya.

Ƙauyen da za mu yana bakin iyaka da Kamaru. Ni a zatona iyaka katanga ce da ƙofar ƙarfe da tuta. Sai na tarar da rafi, da igiya a ɗaure tsakanin itatuwa biyu, da wani mai kaki a kan benci yana ɓare gyaɗa. Ya karɓi takardar da jami'a ta ba Falmata ya juya ta gaba da baya, ya tambayi abin da ya kawo mu. Ta nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi ya ga masu safarar mai da masu safarar shinkafa, amma yau ya ga sabon salo. Ya buɗe jakata ya ci karo da dambun naman da maiɗakina ta yi mini guzuri, ya ce wannan sai an bincike shi sosai. Ya bincike shi har ƙasan robar. Kafin mu wuce na tsoma ƙafa ɗaya a tsakiyar rafin, don haka duk mai cewa ban taɓa fita ƙasar waje ba ya gyara maganarsa.

Mun sauka a gidan wani manomin koko mai suna Malam Ɗanjuma, mutumin kirki, Hausarsa a karkace amma tana kai saƙo. Gidan ba zaure. Ka tsaya a waje kana rafka sallama, ashe matar gidan tana gabanka da adda a hannu tana jiran ka matsa ta wuce gona. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Na fara tambayar gida da iyali da gajiya da damina kamar yadda aka koya mana, kafin in kai ga yara mutumin ya kai bakin rafi. Ruwan sama kuwa, mu da muke fita roƙonsa a Azare, can tsaki suke yi masa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne itace. Manyan gumagumai a kwance suna ruɓewa ba mai kallonsu, irin wanda a garinmu za a yi shari'a a kansa har jikoki.

Da yamma matar gidan ta kawo tuwon rogo mai danƙo da miyar manja. Tuwon ba a tauna shi, haɗiya ake yi da tawakkali. Miyar kuwa ta yi daɗi, da wani nama mai laushi ba ƙashi. Na cinye na nemi ƙari, ina cewa kajin kurmi sun fi namu tarbiyya. Falmata ta bari sai da na suɗe kwano sannan ta ce, "Yaya, naman kaza ka ci, irin mai laima." Na ce ai na sani, gwada ta nake yi. Ban sake neman ƙari ba sai washegari.

Shiga kurmi ba yawo ba ne. Ko'ina jiƙe, ko'ina duhu-duhu da rana tsaka, ga wari kamar an buɗe tsohon rumbu. Falmata tana tafe a duƙe tana leƙa ƙarƙashin kowane gungume kamar mai neman ɗan kunne. Ni aikina riƙe kwando. Na tsaya in huta a wani wuri mai kyau, ashe kan layin kwarkwasa na tsaya. Ba su ce komai ba sai da suka kai inda suke so, sannan suka fara aiki gaba ɗaya. Abin da ya faru a bayan wata bishiya tsakanina da wandona ba na rubutawa ba ne. Malam Ɗanjuma ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce haka suke yi wa baƙo maraba.

Sannan muka same su. Zan faɗi gaskiya ko da 'yan majalisar hirarmu ta kasuwa za su yi mini dariya: abin yana da kyau. 'Yan ƙoƙuna a jere a jikin baƙin itace, kowanne a kan siririyar ƙafa, wasu ja kamar tattasai, wasu ruwan lemo, wasu da ɗigon ruwa a ciki. Ta nuna mini bambancinsu. Akwai mai gashi zako-zako a baya da baki, kamar kunnen tsoho. Akwai mai santsi wanda gashinsa ɗan kaɗan ne a gefen baki. Ta ce kowanne iri ne daban, amma gida ɗaya suka fito. Ta ce in matso in hura ɗaya a hankali. Na hura, ya yi shiru, can sai ya tofo wani farin hayaƙi siriri. Na yi baya ina a'uziyya. Ta ce irinsa ne yake watsawa, da shi yake haihuwa. Na ce ko ma mene ne, abin da aka hura ya rama ba da ni ba.

A kwanakin ƙarshe ta ci karo da wani a ƙarƙashin reshe a bakin rafi, fari-fari, bakinsa a tsuke, bai yi kama da sauran ba. Ta durƙusa a taɓo, sai na ga hawaye. Ta hau tudu inda waya ke kamawa ta tura wa malaminta hoto. Ya amsa cewa bai san shi ba, ta riƙe shi da kyau, a kansa aikinta zai tsaya. Kaɗan ne ta samu, ba su cika tafin hannu ba.

Ta busar da su duka a rariya a saman garwashi, suka ƙanƙance suka koma kamar busasshen barkono. Ta ƙulla kowane iri a takarda ta yi rubutu a kai. Farin nan kuwa ta naɗe shi a auduga, ta ninka masa takarda, ƙullinsa ya fi kowanne girma. Don kada ruwa ya taɓa su a hanya, ta sa su a leda a tsakiyar buhuna na tsaraba, tare da manja da ayaba da goro da citta.

Mun iso Azare da hantsi a gajiye. Falmata ta gaida Hajiya ta shiga ɗaki ta kwanta, ni na tafi duba ko shagona yana nan. Buhun muka bari a tsakar gida.

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san kayan matafiyi ba nasa ba ne sai uwar gida ta raba. Hajiya kuwa ba ta kwana da tsaraba, ta ce ayaba ba ta jira. Ta kwance buhu ta kasa komai gida-gida. Ta ga ƙulle-ƙullen takarda, ta buɗe ɗaya ta shinshina, ta ji ƙasa da hayaƙi, ta ce lallai yaran nan sun yi hankali, sun tuna da tsofaffi sun kawo maganin kurmi. Kowane gida a layinmu ya samu ayaba da ƙulli ɗaya. Babban ƙullin mai auduga kuwa, tun da shi ya fi daraja, ta haɗa shi da galan ɗin manja ta ba direban Katagum ya kai wa Gwaggo Yagana, yayar marigayi mahaifinmu.

Da na dawo da la'asar na tarar da Falmata zaune a ƙasa kusa da buhun da ba komai, ba ta ko kuka. Da kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Hajiya tana tsaye da carbi ya tsaya a hannunta. Matar nan tun da nake ban taɓa jin ta nemi ko cokalin da aka ara a gidanta ba. A ce ta bi gidaje ta karɓo kyautar da ta bayar, gara a ce ta fita ba mayafi. Na ce ni zan je. Ta kalli bango ta ce wanda ya raba shi ke tarawa. Ta shiga ta ɗauko mayafinta na zuwa biki.

Na bi ta a baya ina jiran ta a ƙofar kowane gida. Wata maƙwabciya ta riga ta zuba nata a kasko, ta ce turaren kurmi ba ƙamshi sai tari. Wata ta jiƙa wa maigidanta ya sha don ciwon baya. Da Falmata ta ji haka sai ta aika a ce kada ya ƙara, in ya ji wani abu a tafi asibiti. Shi kuwa ya fito da kansa yana miƙe baya, ya ce rabonsa da jin daɗin jikinsa haka tun yana saurayi, ko akwai saura. Sauran gidajen suka mayar, kowace da irin kallon da ta raka Hajiya da shi. Kafin magariba yawanci sun dawo. Saura babban.

Da safe muka kama hanyar Katagum mu uku, ta Gadau, gero ya yi kai a dama da hagu. Wannan guntuwar tafiya ta fi mini ta Taraba tsawo, domin kwarkwasa cizo kawai suka iya, Gwaggo Yagana kuwa magana take yi. Tsohuwa ce mai tsabta da ƙarfin hali, ta haihu ba su zauna ba, kuma ba a taɓa yin taro a danginmu an watse ba ta ɓata wa wani rai ba.

Ta karɓe mu da fura, ta yaba manja, ta ce ayabar ta nuna da yawa. Hajiya ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta sauko daga tabarma ta faɗi abin da ya kawo mu. Gwaggo ta ajiye ludayi. Ta ce ta ga zamani iri-iri, amma ba ta taɓa ganin an biyo tsaraba da mota ba. Ta ce ƙullin yana cikin akwatinta tare da likkafaninta, ta adana shi ne don ciwon ƙafa, kuma abin da ya shiga akwatin nan ba ya fita sai ranar da za a fitar da ita. Hajiya ta sunkuyar da kai, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Falmata ce ta matsa kusa da ita. Ta yi mata bayani a hankali, cewa ba magani ba ne, karatunta ne, kuma mai yiwuwa wani iri ne da ba a taɓa rubutawa ba, ko suna ba shi da shi.

"Ba shi da suna?" in ji Gwaggo. "To wa zai raɗa masa?"

"Wanda ya gano shi, Gwaggo."

"Sunan wa ake sa wa?"

"Wanda mutum ya ga dama. Wanda yake so ya girmama."

Gwaggo ta murza bakin zanenta. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda muka sani ba ce.

"A zuriyar nan an haifi 'ya'ya mata sun fi a ƙirga. Kowace tsohuwa an yi mata takwara, har da waɗanda aka auro. Ni ina zaune ina kai gudummawa."

Ba wanda ya iya ɗaga ido. Ni kaina 'ya'yana mata biyu, ko sau ɗaya sunanta bai zo mini a rai ba. Falmata ta ce in har aka tabbatar sabo ne, sunan Gwaggo za ta sa masa. Ta maimaita "in har" sau biyu, amma na lura kunnen Gwaggo bai ɗauki wannan ɓangaren ba. Ta tashi ta buɗe akwati ta ɗauko ƙullin. Ba ta miƙo shi haka ba. Sai da ta naɗe shi a sabuwar atamfa, ta ɗora sabulu da turare a kai, ta ce ba a sallamar takwara hannu sake.

Falmata ta kai kayanta jami'a, aka duba su a madubin da ke ƙara girman abu, malaminta ya sa hannu, ta gama. Sai dai farin nan ashe yana da suna tun kafin a haifi Gwaggo, a wata ƙasa aka fara ganinsa, a wajenmu ne kawai ba a taɓa samu ba. Wannan ya ishi jami'a, amma bai ishi Katagum ba. Duk Juma'a Gwaggo sai ta sa an kira mata waya ta tambayi lafiyar takwararta, ko an yi sunan. Falmata ta koma gudun wayarta kamar wuta.

Ana cikin haka maiɗakina ta sauka, aka samu mace. Ta riga ta zaɓi wani suna na zamani mai daɗin faɗa, har an fara kiran jaririyar da shi a ɗaki. Ranar suna da safe, da liman ya matso ya tambaye ni, na raɗa masa Yagana. Maiɗakina ta yi kwanaki tana ba ni abinci ba magana, kuma ban ga laifinta ba.

Gwaggo ta zo daga Katagum da akwati guda na kaya. Ta karɓi yarinyar ta buɗe fuskarta ta daɗe tana kallo, ta ce hancin na gidansu ne, ba laifi. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta dubi Falmata ta ce, "To, yanzu sun zama biyu."

Falmata ta dube ni, ni na dubi Hajiya. Hajiya ta kalli bango ta ce Allah ya raya su.